Genzo Mai Agogo da Wankan Kurkum

A layin 'yan kasuwa na bayan tashar Maebashi babu wanda bai taɓa shan bayani a bakin Ogiwara Genzo mai shagon agogo ba. Shekararsa sittin da uku, gajere ne mai tumbi, tabarau a rataye a wuya, kuma duniyar nan kaf babu sana'ar da bai fi mai ita iyawa ba. Ya koya wa Isobe mai kifi yadda ake feɗe kifi. Ya nuna wa Nonaka mai aski riƙon almakashi. Har likitan da ya cire masa haƙori sai da ya sha gyara, alhali bakin Genzo cike yake da auduga. Matarsa Tokiko kuwa, shekara talatin da bakwai suna tare, ta kai matsayin da za ta ce "haka ne" a daidai gurbinsa ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba.

Duk shekara in kaka ta yi, ganye ya soma ja, masu shagunan layin sukan rufe ƙofofinsu kwana biyu su tafi hutu wurin wankan ruwan zafi. Shekara goma sha ɗaya Hagino mai awara ce ke shirya tafiyar. Mace ce mai sanyin magana, mijinta ya rasu, gwiwa na damunta, kuma a hannunta ba a taɓa mance kowa a tasha ba. Bana tsohon shugaban ƙungiyar zai sauka, aka ce a wurin liyafar hutun za a zaɓi sabo, kowa kuma ya san Hagino za a ba. Kowa ban da Genzo.

A taron ƙungiya ya miƙe ya gyara wuyan riga. Ya ce shekara da shekaru ana kai su inda ake ɗumama ruwan famfo a tukunya a kira shi ruwan dutse, su kuma suna shiga suna jiƙa kamar kwanukan wanke-wanke. Ya ce shi ɗin nan da suke gani ya shiga maɓuɓɓuga ɗari uku a ƙasar nan, da harshe kawai yake gane ruwa. Akwai wani otal a bakin tafki can saman duwatsu, mai shi tsohon abokinsa ne. In aka bar masa tafiyar bana, babu wanda zai dawo da ciwon baya. Hagino ta ce ita ba ta da ja, dama gwiwarta na neman hutu. Sauran suka amince, galibi don su samu su tafi gida su ci abinci.

Tokiko ta san maɓuɓɓugan nan ɗari uku. Suna cikin wani littafi mai hotuna da ke ajiye a ban ɗakinsu. Waɗanda ya shiga da ƙafarsa huɗu ne, a ɗaya ma suma ya yi aka ɗauko shi. Otal ɗin kuwa a takardar talla ya gan shi, irin wadda ake cusowa cikin jarida.

"Baba," in ji ta da suka koma gida, don haka take kiransa tun haihuwar 'yarsu, "yaushe mai otal ɗin ya zama abokinka?"

"Mun yi magana ta waya."

"Da mai amsa waya ka yi magana."

"To ita ba mutumiyarsa ba ce?"

Ya buga takardar tsarin tafiya minti bi minti, har shiga ban ɗaki ya ba minti huɗu. Ana gobe tafiya ya fitar da rigar sanyin Tokiko daga akwati, ya cusa wani ƙullin buhu a madadinta. Da ta tambaya ya ce asirin masana ne.

Su goma sha biyu suka sauka daga jirgin ƙasa, maza bakwai, mata biyar. Ga ƙaramar bas ɗin otal tana jiransu, direba riƙe da 'yar tuta yana rusunawa. Genzo ya ɗaga masa hannu ya ce ya wuce abinsa. Ya ce baƙi ne ke shiga mota. 'Yan gida akwai wata hanya da suke bi ta gefen tafki, minti goma ce, kuma jini na buƙatar motsi kafin wanka. Hagino ta ba da haƙuri saboda gwiwa, ta shiga bas ita kaɗai.

Hanyar ta fara da kyau, ga tafki shuɗi shar a hannun dama. Bayan minti goma ta juya wa tafkin baya ta fara hawa. Bayan rabin awa ta koma taɓo. Tayoyin akwatuna suka cushe, kowa ya ɗora nasa a ka ko a kafaɗa. Taɓo ya haɗiye takalmin Isobe ƙafa ɗaya, ya ci gaba da safa. Duk kwanar da aka zo Genzo sai ya duba agogonsa ya ce ga shi nan bayan itacen can. Da aka wuce itace na shida Nonaka ya tambaye shi ko agogon nan daga shagonsa ya fito. Awa ɗaya da minti arba'in suka yi, suka ɓullo ta bayan kicin, tsakanin tukwanen gas da durom ɗin shara. Wani kuku da ke shan taba ya dube su, ya nuna musu ƙofar gaba da haɓa.

A zauren karɓar baƙi suka tarar da Hagino cikin yukata, doguwar rigar shan iska da otal ke ba baƙi, an riga an yi mata tausa, tana kurɓar shayi tana kallon tafki ta gilashi. Ta ce ta fara damuwa. Genzo bai ko dube ta ba, don ya hango wani dattijo mai kwat baƙa tsaye kusa da tebur. Ya tafi da taɓonsa, ya ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Maigida! Kwana biyu. Ka ga na kawo maka mutanena."

Dattijon ya dubi tambarin hannun da aka bar masa a kwat, ya ce shi baƙo ne, gobe za a ɗaura auren ɗansa a nan, kuma bai taɓa ganin wannan bawan Allah ba. Ana haka uwargidan otal ta fito, tsohuwa cikin doguwar rigar kimono mai ruwan toka, ta rusuna ta yi musu maraba. Genzo ya ce ai wurin mijinta ya zo, abokinsa. Ta sake rusunawa, ta ce maigidan ya rasu shekara tara ke nan.

"Ashe," in ji Genzo. "Shi ya sa na ji shi shiru."

Tokiko ta ce a nuna mata ɗakinta.

Ƙarfe uku da minti ashirin, bisa tsarin takarda, aka taru a lambu don ɗanɗana ruwa. Can wani lungu akwai bututun gora da ke zubo ruwan ɗumi cikin kwamin dutse, ga wani tsohon ludayi a gefe. Genzo ya ɗiba, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido yana juya shi a baki. Ya ce akwai farar wuta, akwai ƙarfe, can ƙarshen harshe kuma ga wani ɗan gishiri-gishiri da ba a samunsa sai a ruwan da ya shekara dubu cikin dutse. Ya ce kowa ya sha. Aka bi layi. Isobe, da yake yana fama da ciki, ya sha ludayi biyu.

Tokiko ba ta sha ba. Zaman aure ya koya mata kada ta sa komai a baki in dai Genzo ne ya yaba shi. Sai ta bi bututun da ido, ta ga ya kewaya bayan shinge, ta taka ta leƙa. Wata rumfa ce mai benci, 'yan yawon buɗe ido takwas sun naɗe wanduna sun tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi. Ɗaya yana ta cuɗa tsakanin 'yan yatsunsa. Abin da ya malalo daga nan shi ne ke bin gora.

"Isobe-san," ta ce, "zo ka ga dutsen."

Isobe ya leƙa, ya daɗe tsaye. Sannan ya juyo wajen Genzo a hankali.

"Gen-san, gishirin nan da ka ji, na ƙafar wanne ne a cikinsu?"

Genzo ya ce da gangan ya yi, gwada su yake, kuma cikakken masani har malalar ruwa yakan ɗanɗana. Nonaka ya shiga bayan wata bishiya, aka ji abin da yake yi. Matan uku da suka sha suka ce Tokiko ta ci amanarsu da ba ta ƙifta musu ido ba. Ta ce ita ma sai a shekara ta biyar da aure ta gane.

Wani da ya sha wannan kunya zai koma ɗaki ya rufe ƙofa. Genzo kuwa cewa ya yi yanzu ne za a fara ainihin aikin. Ya je ya soke tausar da otal ya tanadar wa maza, ya ce matan nan masu tausa ba su san jijiya ba. Ƙarfe huɗu da rabi ya tasa maza a gaba zuwa wurin wanka na waje, buhunsa naɗe cikin tawul.

Wurin wankan babban kwami ne na duwatsu a fili, yana fuskantar tafki. Darnin gora ya raba shi biyu, maza a sama, mata a ƙasa, ruwan kuma yana bi ta ƙarƙashin darnin daga ɓangaren maza. Tokiko ta nutsa har wuya kusa da Hagino. Rana na gangarawa, jajayen ganye na faɗowa kan ruwa, tururi na tashi. Can gefe ga wata budurwa fara sol da mahaifiyarta. Ita ce amaryar gobe. Tokiko ta lumshe ido, ta ji karo na farko tun safe kafaɗunta sun saki.

Sai muryar mijinta ta tsallako darni.

Yana bayani ne cewa ruwan nan yana da kyau amma bai cika ba, shi ne zai cika shi. Garin kurkum ne kilo uku da ya sa aka aiko masa daga Okinawa, ya haɗa da busasshen ɓawon lemo da garin ciyawar teku. Aka ji Nonaka na tambaya ko ba allo ne can a ƙofa da ya hana zuba komai a ruwa ba. Genzo ya ce allon na jahilai ne. Aka ji fatsal, sannan ƙarar hannu na dama ruwa. Ya ce kowa ya nutsa har haɓa, minti ashirin cur, shi ke riƙe da agogo. Nonaka kuma, da yake yana taƙama da farin gashinsa mai sheƙi, ya dinga kwarara wa kansa don saiwar gashi ta yi ƙarfi. Tururi ya yi kauri, rana ta yi ja, babu wanda ke ganin launin ɗan'uwansa.

Ƙamshin ne ya fara isowa. Hagino ta ɗaga hanci ta ce yau miyar kori za a ci ke nan. Tokiko ta buɗe ido, ta ga wani abu rawaya yana lallaɓowa ta ƙarƙashin darni kamar harshe, ya doshi inda amarya take. Ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta cafki hannun yarinyar ta fizgo ta waje, ta ce kowa ya fita yanzu-yanzu. Hagino mai ciwon gwiwa ita ce ta biyu a bakin dutse.

Tokiko ta ɗaura tawul ta matsa jikin darni.

"Baba, me ka zuba a ruwan mutane?"

"Maganar maza ce."

"Ɗaga hannunka sama ka duba."

Can sai muryar Isobe, a sanyaye:

"Saura dankali da karas. Sai a zuba mu kan shinkafa."

Daga nan aka ji rugugin fita. Genzo na ta faɗin kada kowa ya firgita, sabulu ne maganinsa, a cuɗa da ƙarfi. Suka cuɗa da ƙarfi. Abin da masanin bai sani ba, kuma duk matar da ta taɓa wanke tabon kori a riga ta sani, shi ne kurkum in ya gamu da sabulu ja yake komawa. Aka ji Nonaka ya isa gaban madubi, aka ji wani sauti ya fito daga bakinsa wanda ba magana ba ne. Sai kuma wata baƙuwar murya daga lungun kwamin, ta wani da ya shiga tun kafin su zo yana gyangyaɗi cikin tururi, tana tambaya cikin ladabi mai ban tsoro wane ne ya yi wannan.

Ƙarfe shida aka zauna liyafa a ɗaki mai shimfiɗar tabarmar tatami. Mata biyar a jere da fatarsu ta haihuwa. Maza bakwai a ɗaya jeren, daga haɓa zuwa ƙasa wani rawaya, wani ruwan goro, gwargwadon yadda kowa ya yi biyayya wajen cuɗa. Kan Nonaka ya zama kamar kabewar da ta nuna. Masu kawo abinci suka dinga ajiye farantai, ɗanyen kifi da gasasshen kifin tafki da tukunyar naman kaza, idanunsu a ƙasa. Ɗaya ta ajiye wa Nonaka miya, ta ɗago kai bisa kuskure, ta fita da sauri hannu a baki.

Babu wanda ya ɗaga ƙoƙon giya. Genzo ne ya miƙe da takardar jawabinsa. Ya ce yana ganin wasu fuskoki ba walwala, amma su sani wannan launi alama ce ta dafi yana fita daga jiki, wanda ya fi rina shi ya fi tara cuta. Isobe ya ce to ai shi Genzo ne ya fi kowa. Genzo ya ce shi don ya fi kusa da buhu ne. Nonaka ya ce jibi zai buɗe shago, yana so a faɗa masa wane mahaluki ne zai miƙa kansa ga mai aski mai irin wannan kai. Genzo ya ce matasa har biya suke yi a rina musu haka.

Ƙofa ta zuge. Uban ango ne, dattijon nan mai kwat, yanzu cikin yukata. Da yake gyangyaɗi ya yi har ruwa ya kai masa leɓe, rinin ya tsaya masa daidai ƙarƙashin hanci, a miƙe kamar da ma'auni aka ja. Ya rusuna wa jama'a, ya nemi gafarar katse musu abinci. Ya ce ɗa ɗaya gare shi, gobe ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗauki hoton da jikokinsa za su gada.

"Wanne ne a cikinku tsohon abokina?"

Genzo ya zame ya zauna, yana fatan ya saje cikin rinannu. Yatsu shida masu launi suka nuna shi a lokaci ɗaya.

Bayan dattijon sai ga uwargidan otal. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce tana baƙin cikin sanar da cewa an rufe wankan waje ga baƙi duka, su arba'in da wani abu. Ɓawon lemo da ciyawar teku sun toshe injin ruwa, duwatsun kuma sun rine, sai an kwashe ruwan an goge su ɗaya-ɗaya. Ta faɗi haka da murmushi, ta ƙara da cewa shekararta hamsin a gidan nan, yau ta ƙaru da sabon ilimi.

Tsohon shugaba ya yi gyaran murya ya ce tun da kowa na nan, a yi zaɓen a huta. Masu son Hagino-san su ɗaga hannu. Hannuwa goma suka tashi, har da na Tokiko, wadda ta ajiye tsinkayen cin abincinta don ta ɗaga da kyau. Masu son Ogiwara-san. Hannu ɗaya ya tashi, na Genzo kansa, tafinsa na haske kamar fitilar kan titi. Ya sunkuyo wajen matarsa.

"Ke fa?"

"Ina cin abinci."

Aikin Hagino na farko a shugabanci shi ne ta dafa tatami da hannu biyu, ta sunkuyar da goshi ga uban ango da uwargida a madadin layin kasuwa. Ta ce wanda ya ɓata ruwan zai taya gyarawa. Uwargida ta ce a'a, ba a sa baƙo aiki a gidan nan, ba a taɓa yi ba. Genzo ya fara gyaɗa kai yana cewa al'ada ce mai kyau.

"A ba shi burushi," in ji Tokiko. "Babba."

Washegari da safe ɗakin karin kumallo ya cika, don tagoginsa na kallon wurin wankan daga sama. An kwashe ruwa. Can ƙasa cikin kwami ga Genzo da takalmin roba da rigar ma'aikata wadda ba ta rufe masa tumbi ba, a durƙushe yana goge dutse. Kusa da shi wani tsohon ma'aikaci ne mai furfura, wanda aka ce shekararsa talatin yana wanke kwamin nan, riƙe da tiyon ruwan sanyi. 'Yan biki suka wuce ta baranda cikin ado, amarya fes, uban ango a bayanta, mai kwalliya ta shafe masa rabin fuska da hoda har ya fi amaryar fari. Yara suka manna hanci a gilashi suna nuna mutumin rawaya.

Tokiko ta zauna bakin taga da shinkafarta da miyar miso. Ta yi zaton yau dai za ta ci abinci cikin shiru. Sai muryar ta taso daga ƙasa, tas, kamar a shago. Genzo ya miƙe ya riƙe ƙugu, yana faɗa wa tsohon cewa wankin nan da suke yi ba daidai ba ne, dutse daga hagu zuwa dama ake goge shi, shi ma tiyon ba haka ake riƙe shi ba, in ya kawo zai nuna masa.

Isobe ya ajiye ƙoƙonsa ya yunƙura zai sauka. Tokiko ta ce ya zauna.

Tsohon ma'aikacin ya dubi Genzo, ya juya bakin tiyon ruwan sanyin ya saita masa shi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi taga, idonsa ya sauka kan Tokiko, yana jira.

Ta gyaɗa masa kai sau ɗaya, ta miƙa kwanonta a ƙara mata shinkafa.